Tambaya da Amsa: In sayar da tsohuwar Fijo ko in ci gaba da lallaɓa ta?

Assalamu alaikum Malam. Ina da Fijo 504 wagon, gadon mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, da ita nake kai iyali gida Malumfashi da sallah kuma da ita nake ɗauko buhunan masara da kaka. Yanzu ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, kusan duk sati ina garejin bakanike, uwargida ta ce in sayar kawai in ciko kuɗi in sayi Sharon ko Golf, ni kuma wallahi zuciyata ta ƙi. Me kake gani?
Mai karatu daga Zariya

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam kafin ka saurari uwargida ko zuciyarka, kai motar inda ake da rami ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba, ka duba wurin da shokozoba ta baya ke kamawa. Idan tsatsa ta cinye wuraren nan har sukundireba na hudawa, to magana ta ƙare, sayar da ita, don mai walda zai yi ta faci ne kana biya kuma ka ɗora mata buhu goma da yara a hanyar Funtuwa, ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Amma in bodi lafiya lau yake, hayaƙi da shan baƙin mai ba mutuwar mota ba ne, yawanci ringin fistin da ke cikin inji ne ya ci, a sauke inji a yi masa aiki sau ɗaya na gaske maimakon wannan gyaran na ɗinki-ɗinki da kake yi duk sati. Injin 504 kafireta ne, ba birenbos ba kwamfuta, tsohon bakanike a ƙauye ma zai tashe ta, Sharon kuwa in ta kunna maka wuta a dashbod sai mai na'ura. Kuma wacce za ka saya ɗin ai ita ma tsohuwa ce, ba ka san wahalar da ta sha a hannun wani ba, taka kuwa ka san duk tarinta.

Inda uwargida ta fi ka gaskiya wajen mai ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 motar kafireta ta zama kishiya a gida, in kullum kake hawanta zuwa aiki cikin go-sulo to albashinka a gidan mai zai ƙare. Sai kayan gyara, kamfanin PAN na Kaduna ya daina haɗa 504 tun 2006, ana samun kaya a kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano amma jabu ya yi yawa, kar ka aiki yaro, tafi da bakanikenka.

Ni dai in tafiyar sallah da kaka ce aikinta, zan gyara in ajiye, in nemi ɗan mashin na zirga-zirgar gari. Ka rubuto mana abin da ka gani a ƙarƙashin.