Tambaya da Amsa: Bidiyon Yaƙin Duniya na Ɗaya da ke yawo a waya, na gaske ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Zariya. An turo mini wani bidiyo a WhatsApp, baƙi da fari, sojojin Jamus a cikin ramuka, bama-bamai na tashi, ana jin ihunsu, an rubuta wai a bakin daga aka ɗauka a 1918. Na nuna wa ɗalibaina a matsayin hujja. Sai wani yaro ya ce ai fim ne, Westfront 1918. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ƙarya na koyar ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na kalli abin da ka haɗo da tambayar. Yaron nan ya yi gaskiya, ka sa masa albarka. Gutsure ne daga Westfront 1918, fim ɗin Jamus wanda G. W. Pabst ya ba da umarni, kamfanin Nero-Film na Seymour Nebenzal ya shirya, aka fara haska shi a Balin ranar 23 ga Mayu 1930. Daga littafin Ernst Johannsen aka ɗauko labarin, na wasu sojojin ƙasa huɗu a Faransa a watannin ƙarshe na yaƙin. Shi ne fim mai magana na farko da Pabst ya yi. Shi kansa Pabst bai yi yaƙin ba, a tsare ya ƙare shekarun a Faransa a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan zato da kullum nake karo da shi: wai duk hoton da ya zo baƙi da fari, yana rawa, yana da tabo-tabo, to shaida ce. Ina! Kunnenka kaɗai ya isa ya tona asirin. A 1918 babu mai ɗaukar hoto da murya tare a fagen fama. Duk hoton yaƙin nan na ainihi bebe ne. In ka ji ƙarar harsashi ta zo daidai da faɗuwar soja, ko dai fim ne, ko daga baya aka ɗora sautin, kamar yadda mai shirya fim Peter Jackson ya yi a 2018 da tsofaffin hotunan Birtaniya, shi kuwa bai ɓoye ba.

Sannan ka tambayi kanka, ina mai kyamarar yake tsaye? Kyamarar lokacin akwati ce mai nauyi a kan ƙafa uku, da hannu ake juya ta. A bidiyon naka kuwa tana sulalawa a bakin rami tana bin sojoji sumul, wani lokacin ma tana gabansu tana kallon fuskokinsu. Wane ne zai kafa akwati tsakanin runduna biyu ya juya wa bindigar abokan gaba ƙeya? Wannan aikin masu ɗaukar hoton fim ɗin ne, Fritz Arno Wagner da abokin aikinsa Charles Métain, shekara goma sha biyu bayan an ajiye makamai.

Kada ka ga kamar kai kaɗai aka yi wa. Sanannen hoton nan na sojan Faransa da harsashi ya same shi a yaƙin Verdun a Faransa, wanda ya sha shiga littattafai, daga fim ɗin Léon Poirier na 1928 aka yanko shi. Ko fim ɗin yaƙin Somme da Ingila ta fitar a 1916, wanda akasarinsa na gaske ne, wurin da sojoji ke haurawa daga rami shiryawa aka yi a bayan daga. To in manya sun zame, ina ga masu shafukan "tarihin da aka ɓoye muku", waɗanda ba su san komai ba sai yanka da liƙi don tara mabiya? Na taɓa ganin irin wannan gutsure an rubuta masa "yaƙin Jamus a Kamaru". Haba! Dutsen Mora, inda Jamusawa suka miƙa wuya a Fabrairun 1916, ina ya haɗu da taɓon Faransa? Kakanninmu da suka yi wancan yaƙin sun fi ƙarfin a ara musu hoton wani. Yau an yi da 1918, gobe da hoton fim za a ce wata ƙabila ce ta yanka wata, kuma mun san abin da ke biyo baya.

Masu yankan ma sun cuci fim ɗin, don sun bar gwaninta suka ɗauki hayaƙi. Akwai inda Karl, ɗaya daga cikin sojojin nan huɗu, ya zo gida hutu, mahaifiyarsa na layin abinci, ya tarar da matarsa da yaron mahauci, yunwa ta kai ta. Akwai laftanar da ya zauce yana ta ihun nasara a asibitin sojoji. A ƙarshe wani Bafaranshe mai rauni ya riƙe hannun Karl, wanda ya riga ya cika, yana ce masa su ba maƙiya ba ne. Shi ya sa 'yan Nazi suka haramta fim ɗin a 1933.

Ka koma ajin ka faɗa musu yadda abin yake. Sake kunna bidiyon, ka rage sautin, ka ce kowa ya nuna maka da yatsa inda mai kyamarar yake tsaye. Yaron nan ka ba shi alli ya fara.