Idan mota ta daina shan fetur, wa zai biya kuɗin gyaran hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne, ina jigila tsakanin Kano da Kaduna. Ƙanina da ke zaune a jihar Texas ta Amurka ya sayi motar lantarki, sai ya kira ni yana ƙorafi cewa duk shekara ana karɓar masa ƙarin dala 200 a kan kuɗin sabunta takardun mota, wai don ba ya sayen fetur. Abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya daina gurɓata iska kuma a ci shi tara? Me ya haɗa fetur da gyaran hanya? Kuma mu ma abin zai iso mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake karɓa a hannun ƙaninka ba tara ba ce, kuɗin hanya ne. Da can ma yana biya, sai dai a gidan mai ake tsakurarsa kaɗan-kaɗan bai ji ba. Yanzu da aka tara masa shi a takarda ɗaya ne ya ji zafinsa.

A Amurka, duk galan ɗin fetur da aka sayar (galan ɗinsu kusan lita 3.8 ne) akwai santi 18.4 (santi 100 ne dala ɗaya) na gwamnatin tarayya a cikin kuɗinsa, na dizal kuma santi 24.4. Kuɗin nan yana shiga wani asusu na musamman da aka kafa a 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, wanda da shi aka shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohin ƙasar. Kowace jiha kuma tana ɗora nata a kai. Jihar Oregon ce ta fara, tun 1919, da santi ɗaya kacal. Hikimar wannan haraji ka fi ni saninta, tunda kai ne kan sitiyari: ranar da ka yi zuwa biyu Kaduna, mai na zuwa biyu za ka sha, kuma tirela ba ta shan abin da ƙaramar mota ke sha. Ke nan ba sai an bi kowa ana ƙirga masa kilomita ba, man da ya ƙona ya riga ya faɗi yawan hanyar da ya taka. Ga kuma sauƙin karɓa, domin a hannun 'yan tsirarun manyan dillalan mai ake karɓarsa, ba a hannun miliyoyin direbobi ba.

Motar lantarki ta zo ta tsinke wannan igiya. Tana taka kwalta, tana haye gada, tana shiga cunkoso kamar kowace mota, amma ba ta tsayawa gidan mai.

Mu yi lissafin ƙaninka. A ce mota tana tafiyar mil 12,000 a shekara, galan ɗaya kuma yana kai ta mil 25. Galan 480 ke nan. Harajin tarayya a kai kusan dala 88, na jihar Texas kuma, wanda yake santi 20 a galan, dala 96. Jimla dala 184. Ka ga dala 200 da Texas ta fara karɓa a watan Satumba na 2023 ba daga sama aka tsinto ta ba. Jihohi fiye da 30 a Amurka suna da irin wannan kuɗi, kowace da nata adadin.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma a nan nake jin ana ɗora wa motar lantarki laifin da ba nata ba. Wannan santi 18.4 tun 1993 ba a ƙara ko anini a kai ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan siminti, kwalta, rodi da albashin ma'aikata suna hawa, harajin yana nan inda aka bar shi, domin babu ɗan majalisar da ke son a ce shi ya ƙara wa mutane kuɗin mai. Motocin fetur kansu kuma sun rage shan mai ƙwarai. Tun 2008 asusun ya kasa ɗaukar kansa, majalisa ta koma tana ɗebo masa daga babban baitulmali, kuma abin da aka zuba masa daga lokacin ya haura dala biliyan 250. A 2008 ɗin da wuya ka ga motar lantarki ko ɗaya a titin Amurka. Rumbun ya riga ya huje kafin ta iso. Abin da ta yi shi ne ta nuna cewa toshe ramin ba zai wadatar ba, domin gaba ana tafiya ne inda famfon mai zai daina zama ma'auni. A Norwe, cikin kowace sabuwar mota 100 da aka sayar a 2024, kusan 89 masu lantarki ne zalla. Birtaniya kuma tana samun kimanin fam biliyan 25 a shekara daga harajin mai, kuma nata ba a keɓe wa hanya ba, baitulmali yake shiga, da shi ake biyan asibiti da makaranta.

Idan ka tambaye ni, kuɗin bai-ɗaya irin na Texas shi ne mafita mafi sauƙi kuma mafi ƙarancin adalci. Dattijuwar da ke fita sau ɗaya a mako zuwa kasuwa da direban tasi da ke wuni a titi, kuɗi ɗaya za su biya. Harajin fetur, duk da aibinsa, bai taɓa yin haka ba.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka koma ƙirga nisan tafiya kai tsaye. Oregon ɗin nan da ta fara harajin mai ita ce ta sake buɗe hanya a 2015 da shirin biyan kuɗi a kan kowane mil ga wanda ya ga dama ya shiga. Niuzilan ta daɗe tana yi wa motocin dizal haka, mutum ya sayi kilomitocinsa tun kafin ya taka su, kuma daga 1 ga Afrilu 2024 ta sa ƙananan motocin lantarki ciki, dalar ƙasar 76 a kowace kilomita 1,000. Ƙasar Aisilan ta fara nata a Janairun 2024, kurona 6 na kuɗin ƙasar a kilomita. Birtaniya ta sanar a Nuwamban 2025 cewa daga Afrilun 2028 motar lantarki za ta biya fens 3 (fens 100 ne fam ɗaya) a kowane mil. Tsarin yana da ƙayoyinsa. In aka sa wa mota na'urar da ke bin sawunta, mutane za su ce gwamnati na leƙen inda suke kwana. In aka dogara da mitar da ke gaban direba, kai ma ka san yadda ake mayar da ita baya a kasuwar motocin hannu. Akwai kuma rigimar wa ke da ikon karɓa: jihar Victoria ta Ostireliya ta fara karɓar irin wannan kuɗi a 2021, babbar kotun ƙasar ta soke shi a Oktoban 2023, ta ce hurumin gwamnatin tarayya ne.

Za ka kuma ji ana cewa motar lantarki ta fi nauyi saboda batir, don haka ta fi lalata hanya. Nauyin gaskiya ne, amma bari in tsaya a nan kaɗan, domin wannan ne fannina. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Ottawa ta jihar Illinois sun shimfiɗa titunan gwaji, suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har kwalta ta farfashe. Abin da suka gano har yau da shi muke aiki: ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta. In nauyin da ke sauka a kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan 16. In ya ninka goma, ɓarnar ta doshi ninki 10,000. Ƙaramar motar da ta ƙara kashi 20 cikin 100 na nauyi za ta ninka ɓarnarta sau biyu, amma ninkin abin da kusan babu shi ne. Ka dubi hanyar da ke fita daga masana'antar siminti ko ma'ajiyar mai. Hannun da tireloli ke bi da kaya ya lotsa, kwalta ta yi kwari biyu daidai sawun tayoyi, tsakiya ta taso kamar kunya a gona, ruwan sama ya kwanta a ciki. Hannun da suke dawowa fanko kuwa sumul yake, ko da yake yawan motocin ɗaya ne. Duk tsarin kuɗin hanya da ya ƙirga nisa ya manta nauyi, ya bar mai ɓarnar ya kama wani.

Ta fuskar tsara sufuri, abin da ya fi damuna ba ramukan hanya ba ne. Tafiya da lantarki ta fi arha, kuma abin da ya yi arha ana ƙara yin sa. Motar da ba ta hayaƙi wurin da take ci a titi daidai yake da na mai hayaƙi. Norwe ta ga wannan da idonta. Don jawo mutane, ta yafe musu haraji, ta rage musu kuɗin da ake biya a shingayen hanya, ta bar su suna bin layin motocin bas. Da suka yi yawa sai bas mai ɗauke da mutane da dama ya koma bin bayan mota mai mutum ɗaya, har hukumomi suka riƙa janye wannan gata a manyan hanyoyin Oslo, babban birnin ƙasar, kuma a 2023 aka dawo da harajin saye a kan abin da ya haura kurona 500,000 na kuɗin mota. Sannan mai tsara hanya yanzu dole ya zauna da mai rarraba wuta, domin tashar caji a bakin babban titi tana buƙatar taransifoma da layin wuta mai ƙarfi, wanda gidan mai bai taɓa nema ba.

Mu a Najeriya kuwa labarin ya sha bamban, domin hanyoyinmu ba a kan harajin mai suka tsaya ba. Daga kasafin kuɗi da bashi ake yin su, har da Sukuk, wato takardun rance na tsarin Musulunci, da aka fara a 2017 da naira biliyan 100. An rushe shingayen karɓar kuɗin hanya zamanin Obasanjo. Dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, da aka gyara a 2007 ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da dizal don gyaran hanya, amma ba a aiwatar da ita yadda aka rubuta ba, sai ga tanadin ya sake fitowa a dokar haraji ta 2025. Fetur zai daɗe tare da mu, don haka kuɗin zai iya taruwa, sai dai a ƙasarmu ma'aunin ya karkace tun daga tushe: tela da mai aski da ke zuba fetur a janareta za su biya kuɗin hanyar da ba su taka ba, yayin da motar da aka mayar mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda dokar 2025 ɗin ta cire daga wannan haraji, za ta wuce kyauta. Da ni za a tambaya, ma'aunin nauyin tireloli mai aiki da gaske a manyan hanyoyi, wanda ba a wuce shi da cin hanci, zai ceci kwaltar Kano zuwa Kaduna fiye da duk wani haraji a kan 'yan motocin lantarkin da muke da su yanzu.

Shi kuma ƙaninka, ka ce masa ya duba mitar motarsa ranar da ya sabunta takardu, ya sake dubawa baɗi. A lissafin da muka yi, dala 200 tana daidai da harajin tafiyar kusan mil 13,000. In yana wuce haka, ya ma samu rangwame. In bai kai ba, ƙorafinsa yana kan hanya, kuma abin da ya kamata ya nema a wurin ɗan majalisar jiharsa shi ne a ba shi zaɓin biya a kan mil ɗin da ya yi, kamar yadda jihar Utah ta bai wa masu motar lantarki tun 2020.