Hukuncin sayar wa mutumin wata jiha bindiga hannu da hannu a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya. Ina zaune a Dallas ta jihar Texas, inada fistol dana saya ta hanyar doka, to wani dan uwa da muke masallaci daya a da yanzu ya koma Oklahoma yace in sayar masa in yazo ziyara, ya bani kudi in mika masa kawai ba sai munje shago ba tunda mun san juna. Ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam a yadda ka siffanta dinnan bai halatta ba, amma akwai hanya ta halal mai sauki, zan fada maka ita.

Asali dai ciniki halal ne, Allah ya halatta shi a suratul Bakara aya ta 275, makami kuma dukiya ce ana saye ana sayarwa. To amma tun can malamai basu dauki cinikin makami kamar na sauran kaya ba. Imamu Bukhari ya kulla babi akan sayar da makami lokacin fitina, ya kawo cewa Imrana bin Husaini ya karhanta hakan, malamanmu na Malikiyya kuwa da ka'idar toshe kafar barna sun hana sayar wa mutum abu in an san barna zaiyi dashi. Ba ina cewa abokinka mugu bane, ina nuna maka ne cewa sa sharadi akan wa za'a ba makami ba bakon abu bane a fikihu.

Sai maganar alkawari, kuma ita ce ma tafi karfi a nan. Duk wanda ya shiga kasa da biza ko katin zama ko ya karbi takardar dan kasa ya dauki alkawarin bin dokarta matukar bata sa shi sabon Allah ba, ayar farko ta suratul Ma'ida tace ku cika alkawura. Dokar tarayya ta 1968 kan bindigogi ta hana wanda bashi da lasisin dillanci ya sayar ko ya mika bindiga ga wanda ya san, ko yake da dalilin zaton, mazaunin wata jiha ne, shima mai sayen an hana shi dauko ta zuwa jiharsa, kaga ku biyun duk kun shiga kenan, kuma in aka tabbatar da gangan ne daurin na iya kaiwa shekara 5. Mai katin zama kuma laifin bindiga na cikin abubuwan da ake korar mutum daga kasar akansu. Yanzu dan Allah akan me zaka jefa kanka da iyalinka cikin wannan? Annabi (SAW) yace ba cuta ba cutarwa.

Nasan abinda ke rudar mutanen Texas, sunga makwabci na sayar wa makwabci ba takarda ba komai sai su dauka ko'ina haka ne. Wancan tsakanin 'yan jiha daya ne. Da zarar mai saye ya zama mazaunin Oklahoma hukunci ya canza, koda kuwa a falonka na Dallas za'ayi cinikin.

Kada kuma wani yazo maka da dabarar ai kyauta ce ko aro ne, dokar ta hada har da kyauta, abinda ta togace shine gado da wasiyya da aron dan lokaci don wasa na halal irin farauta. Ka kira ciniki aro alhali kudi sun shiga aljihunka, wannan hila ce da karya a hade.

Hanyar kuwa itace ku shirya farashi, sai a tura bindigar wajen dillali mai lasisin tarayya a Oklahoma, shi abokin naka yaje da katin shaidarsa ya cike fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, a duba sunansa a tsarin bincike na FBI wanda ke aiki tun 1998, in ya fita lafiya ya biya dillali dan ladansa ya dauki abinsa. In akayi haka kudinka halal ne tas. In kuwa yace shi sam baya son a bincike shi, to ka janye, kada ka sayar masa ta kowace hanya.

Wallahu a'alam.