Kyankyaso a Kicin, Cizo a Gado: Amsa ga Malamar da ke Koyarwa a Ƙasar Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce, wata huɗu ke nan da zuwana wata ƙasa koyarwa a kan kwantiragin shekara biyu, kuma makarantar ce ta ba ni masauki a hawa na uku na wani bene mai gidaje da yawa. Aiki yana tafiya daidai, sai dai gidan ya hana ni sakat. Duk daren da na kunna fitilar kicin sai na ga ƙananan kyankyasai suna gudun ɓuya, sannan kusan mako uku ke nan ina wayar gari da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da wuya. Na ƙarar da gwangwanin feshi huɗu ba tare da na ga sauƙi ba. Ina jin nauyin sanar da hukumar makaranta, kada a ɗauke ni ƙazama ko a ce ni na zo da su, ga shi harshen ƙasar bai zauna mini a baki ba tukuna. Shin in ci gaba da feshi, ko in kama wani gida da kuɗina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki sayi gwangwani na biyar, kuma kada ki tashi daga gidan yanzu. Abin da kika bayyana matsala biyu ce daban-daban, kowace da maganinta, kuma shirun da kike yi ya fi ƙwarin haɗari ga aljihunki da matsayinki a wurin aiki.

Bari mu fara da cizon, domin shi ne ya fi gaggawa. Kyankyaso ba kasafai yake cizon mutum ba, don haka abin da nake zargi shi ne kuɗin cizo. Amma ƙuraje kaɗai ba su isa hujja ba, domin sauro da ƙuma da sabon sabulun wanki duk suna iya barin irin wannan tabo, wasu mutanen kuma kuɗin cizo yana shan jininsu ba tare da fatarsu ta nuna komai ba. Ki ɗauki tocila da tsohon katin banki, ki yaye zanin gado, ki bi ɗinkin gefen katifa a hankali kina buɗa shi da bakin katin. Daga nan ki duba mahaɗar katakon gado, ramukan kusoshi, da bayan allon kan gado. Abin da za ki nema shi ne ɗigo-ɗigon baƙi kamar an ɗiga tawadar biro, wanda kashinsa ne, da ɓawon fatar da ya saɓule, da fararen ƙwai da ba su wuce milimita 1 ba. Babbansa bai fi milimita 5 zuwa 7 ba, jikinsa a baje, launinsa ja-ja mai duhu. Idan kika samu ɗaya, kada ki murtsuke shi. Ki manne shi da salatif a jikin farar takarda, ki ɗauki hotonsa, ki rubuta kwanan wata. Wannan 'yar takardar za ta yi miki magana a ofis fiye da duk wani dogon bayani cikin harshen da ba ki ƙware ba.

Game da kunyar da kike ji, ya kamata ki san cewa kuɗin cizo jini yake ci, ba datti ba, kuma numfashin mai barci da ɗumin jikinsa ne suke janyo shi. Hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta bayyana a 2023 cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, kuma ba ta samu alaƙa tsakanin kamuwa da shi da ƙarancin samun iyali ba. A shekarar ce birnin Paris ya ruɗe da maganarsa, ana shirin wasannin Olamfik na 2024. Birnin New York kuwa tun 2010 doka ta wajabta wa masu gidajen haya su sanar da sabon ɗan haya ko an samu kuɗin cizo a ginin cikin shekarar da ta gabata. Ƙwaron ya kusan ɓacewa a ƙasashe masu arziki bayan Yaƙin Duniya na Biyu saboda maganin DDT, wanda Amurka ta haramta a 1972, sai ya dawo da ƙarfinsa daga ƙarshen shekarun 1990, yana bin akwatunan matafiya, kuma ya riga ya saba da yawancin magungunan feshin da ake sayarwa a gwangwani. Wannan ne dalilin da gwangwanayenki huɗu suka tafi a banza. Feshin yana kashe kaɗan, ya kori sauran su shige tsagar bango da bayan soket, daga nan su ratsa zuwa ɗakin maƙwabta, su dawo idan warin ya lafa.

Gidan da makaranta ke bai wa malaman waje yana da wata siffa da mutane ba su cika lura da ita ba. Katifa ɗaya, kujera ɗaya, labule ɗaya, amma duk shekara ko shekara biyu sai an sauya mai kwana a ciki, kowa kuma da akwatunansa daga wata nahiyar. Kuɗin cizo yana iya yin watanni bai ci komai ba, saboda haka dogon hutun da gidan ya yi a rufe kafin zuwanki bai isa ya kashe shi ba. Babu wanda zai iya rantsewa a kan wanda ya kawo shi, kuma a ganina ɓata lokaci ne a tsaya wannan muhawara. Abin da zai iya zama laifinki a idon mai gida shi ne ki gani ki yi shiru har abin ya bazu, domin yawancin yarjejeniyoyin haya suna ɗora wa ɗan haya nauyin kai rahoto da wuri.

Don haka ki rubuta, kada ki tsaya ga faɗa da baki a bakin ƙofar ofis. Ki aika saƙon imel ga jami'in da ke kula da masaukin ma'aikata, gajere, babu neman gafara kuma babu zargin kowa: ranar da kika fara gani, abin da kika gani, hotuna, da roƙon a turo ƙwararren mai maganin ƙwari ya duba gidan da gidajen da ke manne da shi, sama da ƙasa da gefe. Kafin ki aika, ki karanta sashen masauki a kwantiraginki, ki ga ko makarantar ce ta kama hayar da sunanta ko ke ce kika sa hannu, domin wannan ne ke nuna wanda zai tunkari mai gida, dokar wanda zai biya kuwa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Sannan ki nemi abokiyar aiki ɗaya 'yar ƙasar, wadda kika yarda da ita, ta tsaya miki ranar da mai maganin zai zo. Umarnin da zai bayar, na abin da za a wanke da awannin da za a yi ba a shiga ɗakin ba, ba irin maganar da za a fahimta rabi da rabi ba ce.

Kafin su zo, akwai aikin da ke hannunki. Zafi ne babban makamin yaƙi da kuɗin cizo. Ki zuba zannuwan gado da tufafi a leda, ki ɗaure bakinta tun daga ɗaki, ki juye su kai tsaye cikin injin wanki a kan digiri 60, ko ki sa su a injin busar da kaya a kan zafi mafi ƙarfi na aƙalla minti 30, sannan ki adana su a sabuwar leda. Abin da ba ya son zafi, kamar takalmi ko littafi, ki ɗaure shi a leda ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har kwana huɗu. Ki janye gadon daga jikin bango, kada zani ya taɓa ƙasa. Abu biyu kuma nake so ki guje musu, ko da zuciyarki ta raya miki su. Na farko, komawa falo da kwana, domin za su bi numfashinki su same ki a can, sai ɗaki ɗaya ya zama biyu. Na biyu, jefar da katifa, wadda ma ba taki ba ce, kuma jan ta a matakala shuka ƙwaron ne a kowane hawa. Ki kuma tabbatar an sa ranar dawowar mai maganin bayan kamar mako biyu, domin ƙwai suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, kuma yawancin magunguna ba sa kashe ƙwan.

Ki kula da jakar makarantarki. Malami yakan dawo a gajiye ya jefa jaka a kan gado, ya baje littattafan ɗalibai yana maki har barci ya kwashe shi, da safe ya tattara ya kai ɗakin malamai. Ta wannan hanya ƙwaron ke fita, ta nan kuma wani lokaci yake shigowa. Ki rataye jakar a ƙugiya kusa da ƙofar shiga, ki mayar da aikin maki kan tebur.

Sai kyankyaso. Tunda kin ce ƙanana ne kuma a kicin suke, ina kyautata zaton irin da ake kira kyankyason Jamus ne: tsawonsa bai kai santimita 2 ba, ruwan ƙasa mai haske, da layi biyu baƙaƙe a bayan kansa. Wannan ɗan gida ne, a ciki yake haihuwa, ba daga waje yake zuwa ba. Macen tana yawo da kwanson ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40 a bayanta har dab da ƙyanƙyasa, 'ya'yan kuma suna balaga cikin wata biyu zuwa uku. Ɗumi da danshi yake so, shi ya sa za ki same shi a bayan firji wajen injin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da maƙalar ƙofar kabad. Lokacin da na yi koyarwa a wata kwalejin kiwon lafiya a waje, na yi mako biyu ina goge kicin da babu ko ɓurɓushi a cikinsa, ina mamakin inda suke fitowa, sai wata rana na ga inuwar ɗan ƙaramin kyankyaso tana tafiya a kan lambobin agogon na'urar ɗumama abinci, ta cikin gilashin. A cikin na'urar suke zaune, ni kuwa ina ta fama da daɓe.

Maganinsa shi ne guba mai kama da man goge baki da ake sayarwa a sirinji, mai sinadarin fifronil ko indoksakab. Ana ɗiga ta ƙanana-ƙanana, kowane ɗigo bai fi kan ashana ba, a wurare da yawa cikin lungunan da na ambata, nesa da abinci da hannun yara. Wanda ya ci yana komawa maɓoya ya mutu, sauran su ci kashinsa da gawarsa su bi shi. Sharaɗinta ɗaya ne: kada ki yi feshi kusa da ita, domin warin feshin yana hana su kusantar ta. Ki kuma hana su wani abincin da ruwa, musamman ruwa, domin kyankyaso ya fi jure yunwa a kan ƙishirwa. Ki tsane wurin wanke-wanke kafin ki kwanta, ki fitar da shara kullum da dare, ki sa a gyara famfon da ke ɗiga, ki rabu da kwalayen da kika zo da kaya a ciki. Cikin mako biyu zuwa uku ya kamata ki ga bambanci, amma a bene mai gidaje da yawa ba za su ƙare ba sai an yi wa ginin gaba ɗaya, don haka ki haɗa maganarsu a cikin imel ɗin nan.

Idan wata rana kika ga babban kyankyason nan, ja, mai kusan santimita 4, wannan daga magudanar ruwa yake hawowa. Lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin kowace magudana tana riƙe ruwa kaɗan da ke toshe hanya, idan kuma aka daɗe ba a yi amfani da ita ba sai ruwan ya ƙafe. Malamai ne suka fi faɗawa wannan tarko saboda dogon hutu. Kafin ki tafi hutu ki zuba ruwa a kowace magudana, ki rufe bakinta da marfi.

Gargaɗi ɗaya nake so ki riƙe da hannu biyu. Idan wani ya kawo miki magani a kwalbar da babu rubutu, ko ƙwayoyin da ake sa wa hatsi a rumbu, yana cewa dare ɗaya za su gama da komai, ki ƙi. Ƙwayoyin nan na aluminiyam fosfaid suna fitar da iskar gas mai kisa wadda ke ratsa bango, kuma an yi asarar rayuka a ƙasashe da dama, har da na maƙwabtan da ba su san an sa ba. Haka nan duk maganin da ba ki iya karanta rubutun jikinsa ba, ki bari sai an fassara miki shi tukuna.

Maganar kama wani gida kuwa, ban ba ki shawarar haka a yanzu ba. Idan kika tashi kafin a yi magani, da su za ki tafi a cikin akwati, ki biya haya daga albashinki, wataƙila ma ki saɓa wa kwantiragi, a wasu ƙasashen kuma adireshinki yana rajiste da takardar izinin zamanki, sauya shi sai an sanar da hukuma. Idan an yi magani sau biyu ko uku bisa ƙa'ida abin bai kau ba, ko kuma makarantar ta yi biris da saƙonninki, a lokacin kina da hujja a rubuce ta neman a sauya miki masauki da kuɗinsu.

Ƙurajen kuma, kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, illarsa ƙaiƙayi da hana barci. Ki daure kada ki sosa, ki nemi man rage ƙaiƙayi a kantin magani, idan kuma wurin ya kumbura, ya yi zafi ko ya fara ruwa, ki ga likita. Rashin barcin ne ya fi damuna, domin wanda zai tsaya gaban aji tun safe ba zai jure makonni yana kwana da fitila a kunne ba, fitilar ma ba ta hana su cizo. Ki sayi rigar katifa mai zif wadda aka yi domin kuɗin cizo, ki rufe katifar ki bar ta a haka shekara guda, ki sa ƙafafun gadon cikin 'yan kofunan tarko da ake sayarwa domin haka. Duk safiya ki leƙa kofunan ki rubuta adadin da kika gani, ki nuna wa mai maganin ranar da ya dawo.