Tambaya da Amsa: Gyaran Tsohon Gidan Wasan Kwaikwayo

Tambaya: Na ji an ce a Ingila akwai gidajen wasan kwaikwayo masu shekara 200 da har yanzu ake wasa a cikinsu. Ta ina ake fara gyaran irin wannan gini?

Amsa: Daga rufi ake farawa, malam, domin ruwa ne ajalin tsohon gini. Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 ruɓewa zai yi, don haka sai an toshe yoyo, ginin ya bushe, kafin a yi zancen ado. Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne shafa siminti a bangon da aka gina da farar ƙasa. Siminti yana kulle danshi a ciki, sai ka ga bulo yana marmashewa. A yi kwaɓin da magina na da suka yi: farar ƙasa awo 1, yashi awo 3. Launin asali kuma ba a cankarsa. Ana yanko ɗan fenti kamar ƙwayar shinkafa, a duba a madubin ƙara girma, a ga shafe kan shafe har na farko.

Misali, gidan wasa na garin Bury St Edmunds a Ingila, wanda William Wilkins ya gina a 1819, an rufe shi a 1925, kamfanin giya ya mayar da shi ma'ajiyar ganguna. Wannan wulaƙancin ne ma ya cece shi, tunda ba wanda ya damu ya zamanantar da shi. An yi masa babban gyara daga 2005 zuwa 2007.

Tambaya: To wasannin da aka manta fa, ina ake samo su?

Amsa: Wata dokar Birtaniya ta shekarar 1737 ta wajabta a miƙa kowane sabon wasa ga mai tacewa na fadar sarki. Kwafin da aka tara har zuwa 1824, sama da 2,000, suna ɗakin karatu na Huntington a Amurka.

Samo rubutun ba shi ne wahalar ba. An rubuta wasannin ne don zauren da kyandir ke haskawa ko'ina, ɗan wasa yana tsaye a goshin dandali, yana juyowa ya yi wa 'yan kallo tsegumi ido cikin ido. In ka kashe fitilun zaure ka tura shi can ƙurya, barkwancin marubuta irin su Elizabeth Inchbald ba ya tashi. A bar fitilun zaure a kunne, a rage su kaɗan kawai.