Kar ka karkato da yaran wajen littafin da ake hasashen zai ci

To yarona, na ga tambayarka. Wai tunda za ka shirya wa yara kwaikwayon kyautar Caldecott, wato ta littattafan yara masu hotuna, a laburaren makaranta, ko ka ɗan tura su wajen littafin da ake ta hasashen zai ci a can Amurka, kar sakamako ya fito su ji kunya. A'a, kar ma ka fara. In ka yi haka zaɓinka ne ka sa musu a baki, kuma yara suna ganewa wallahi, daga ranar za su koma kallon fuskarka su daina kallon littafin.

Ka fara sanin abin da kake kwaikwaya tukuna. Ƙungiyar laburarorin Amurka ce ke ba da ita tun 1938, kuma mai zanen hotuna ake ba, ba marubuci ba. Ta rubutu ita ce Newbery, ta girme ta, tun 1922. Kwamitin mutum 15 ne ke zama su zaɓa cikin littattafan da suka fito a shekarar da ta wuce, a sanar galibi a watan Janairu, kuma a dokarsu an faɗa ƙarara ba farin jinin littafi ake dubawa ba, ba kuma wa'azin da ke ciki ba. Manya ne da suka shekara suna karatu, ta ina zaɓin ɗan aji uku zai dinga dacewa da nasu? In ya dace madalla, in bai dace ba ma ka samu abin hira na sati guda.

Ka fara wajen Oktoba da littattafai kamar goma, kar ka cika, ka sa har wanda kai bai burge ka ba. Inda aikin yake shi ne zaman tattaunawa. Ni yadda nake yi, karon farko ba na karanta rubutun sam, shafi shafi nake buɗewa su kalli hoto kawai su faɗa min labarin, sai a karo na biyu in karanta sannan in tambaye su me hoton ya faɗa wanda rubutun bai faɗa ba, me ya sa kalar ta yi duhu a nan, me ya sa mai zanen ya ɓoye abin sai an juya shafi. Za ka sha jin "ni dai ya min kyau", kar ka gwasale yaro, ce masa nuna min shafin. Wannan "nuna min shafin" ɗin ka riƙe shi da kyau. Sannan doka, a fara da abin da ya yi kyau a littafi kafin a taɓo aibinsa, don in mai baki ɗaya ya riga ya ce littafin nan ba daɗi shikenan ya kashe shi, masu kunya ba za su ƙara tankawa ba. Kuma za a samu wanda zai ɗauko labarin karen gidansu don ya ga kare a hoto, yi dariya ka dawo da shi kan takarda.

Ƙuri'a kuwa a asirce, a takarda, satin da ya gabaci sanarwar. Yi irin lissafin kwamitin, kowa ya rubuta uku, na ɗaya maki 4, na biyu 3, na uku 2. Su a can sai littafi ya samu mutum 8 sun sa shi na ɗaya kuma ya ba na bayansa ratar maki 8, in bai kai ba a sake tattaunawa a sake zaɓe. Kai ka ce sai fiye da rabin aji, yara na son zagaye na biyun nan sosai, nan ake kamfen. Wanda bai ga duka littattafan ba ya jira ya gani kafin ya jefa. Na biyu da na uku ka ba su lambar yabo, can ma ana ba da ita, sitikar zinare ga gwani ta azurfa ga masu bi masa, sai yaran su zana tasu sitikar su manna a bangon littafin.

Ranar sanarwa ana nunawa kai tsaye a intanet, in lokacin bai yi daidai da na makaranta ba ka kunna musu washegari, amma kai kar ka leƙa sakamakon kafin su, fuskarka za ta tona ka.