Kurajen fuska sun addabe ni, ga shi ina neman haihuwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, ina da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Da ina budurwa ban san kurajen fuska ba, sai da na haura shekara 25 suka taso mini, manya-manya masu zafi a haɓa da muƙamuƙi har gangarowa wuya. Wasu ba sa yin baki, sai su zauna a cikin fata kamar maruru na makonni, in sun tafi su bar rami ko baƙin tabo. Wani likita ya ɗora ni a kan Diane-35, wata ƙwayar tazarar haihuwa, fuskata ta yi kyau. Da ni da maigida muka shirya neman haihuwa sai na daina sha, yanzu sun dawo fiye da da. Al'adata kuma ba ta da tsayayyen lokaci, wani sa'in sai na haura kwana 45 ban gan ta ba, ga gashi ya fara tsiro mini a haɓa. A kemis an ba ni doxycycline, ina kan sha. Wata ƙawata kuma ta ba ni ragowar Roaccutane ɗinta, ta ce shi ya raba ta da nata, amma ban fara ba. Wallahi Likita har taro na daina shiga. Wanne zan sha, wanne zan bari? Ko dole sai na haƙura da ɗaya, fuskar ko haihuwar?

Daga 'yar'uwarki, a sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, Roaccutane ɗin nan kada ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, ki fitar da shi daga gidanki yau. Na gode wa Allah da kika tambaya kafin ki fara.

Sunan maganin na asali isotretinoin, kuma ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba: a kan irin kurajenki ba mu da maganin da ya kama ƙafarsa. Amma duk cikin magungunan da nake rubutawa babu wanda nake tsoro ga mai juna biyu kamarsa. An fara sayar da shi a Amurka a 1982, ba a daɗe ba aka fara ganin jariran da aka haifa babu kunne ko da ƙanƙanin kunne, da tawaya a fuska, a zuciya, a ƙwaƙwalwa. Cikin jariran da uwarsu ta sha shi a farkon ciki, kashi 20 zuwa 35 cikin 100 ne ake haifa da tawaya, alhali a sauran jama'a kusan kashi 3 ne. Ga yawan ɓari a kan haka. Shi ya sa tun 2006 Amurka ta kafa tsarin iPLEDGE: macen da za ta iya ɗaukar ciki ba a ba ta maganin sai an yi mata gwajin ciki kowane wata, kuma ta yarda za ta kare kanta daga ɗaukar ciki. Maganin da aka kewaye da irin wannan tsaro ba na miƙawa hannu da hannu ba ne tsakanin ƙawaye.

Akwai dalilin da ya sa na fi damuwa da ke musamman. Gaɓoɓin ɗan tayi suna haɗuwa ne daga mako na 3 zuwa na 8 bayan shigar ciki, zuciya ma tana fara bugawa ne kusan mako uku da shigarsa. Macen da al'adarta ke zuwa a kan kari, da ta ga ɓatan wata za ta zargi ciki. Ke kuwa kin saba da jinkiri. Ciki zai iya shiga, ki yi makonni kina cewa ai halin al'adar ne, magani na ta aikinsa. Don haka ƙa'idar da nake ɗora duk mai neman haihuwa a kai ita ce: daga ranar da kika ajiye ƙwayar tazarar haihuwa, ki ɗauki kanki a matsayin mai ciki a kan duk abin da za ki sha ko ki shafa.

Doxycycline ɗin ki dakatar da shi, ki yi gwajin ciki, amma kada hankalinki ya tashi. Illarsa, da ta ɗan'uwansa minocycline, ta fi faɗawa kan cikin da ya kai wata huɗu zuwa sama, lokacin da haƙora da ƙasusuwan jariri ke ginuwa: yana rina haƙoran, rinin da ba ya fita. Wanda kika riga kika sha ba abin kuka ba ne, sai dai ba maganin mai neman ciki ba ne. Haka Septrin, domin yana tauye aikin sinadarin folik asid a daidai lokacin da ɗan tayi ya fi buƙatarsa. Za ki kuma ji ana yabon spironolactone, kuma ya cancanci yabon, don yana toshe homon ɗin maza, wato sinadarin jiki da ke kawo siffofin maza, wanda ke hura wutar kurajen. To wannan toshewar ce matsalarsa: in cikin na namiji ne, ana fargabar ya taɓa ginuwar al'aurarsa. Shi ma a jingine shi.

Ki ɗauko duk mayukan da kike shafawa ki karanta jikinsu. In kin ga tretinoin, adapalene, tazarotene ko retinol, ki ajiye. Dangin isotretinoin ne. Differin da Epiduo duk akwai adapalene a ciki. Sai mayukan hasken fata, waɗanda mata da yawa ke komawa gare su saboda baƙin tabon da kurajen suka bari. Hydroquinone yana ratsa fata ya shiga jini da yawa, kusan kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na abin da aka shafa. Masu clobetasol ko betamethasone kuwa su da kansu suna haifar da kuraje, su kuma sirantar da fata. Na sha ganin fuskar da rabin kurajenta daga kwalbar da aka saya don gyara ta suka fito.

Yanzu ga abin da ya rage miki, kuma ba kaɗan ba ne.

Wanda na fi so shi ne azelaic acid, mai ƙarfin kashi 15 ko 20, ana samunsa da sunan Skinoren ko Finacea. Abin da ke shiga jini daga cikinsa bai wuce kusan kashi 4 ba. Yana buɗe ƙofofin gashi da suka toshe, yana rage kumburi, kuma yana dusar da baƙin tabo, ga mai duhun fata wannan babbar riba ce. Zai yi miki ɗan ƙaiƙayi ko raɗaɗi a makonnin farko, ki fara da sau ɗaya a rana, daga baya ki koma safe da dare. Na biyu benzoyl peroxide mai kashi 2.5 zuwa 5. Ɗan abin da ya shiga fata jiki na sarrafa shi ya fita ta fitsari. Kada ki nemi mai kashi 10 da zaton ya fi, bushewa da saɓar fata kawai zai ƙara miki. Yana cinye launin tufafi, ki kula da mayafinki da rigar matashin kai. Ana haɗa shi da clindamycin na shafawa, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma clindamycin kada ya yi aiki shi kaɗai, don ƙwayoyin cutar kan saba da shi. Sabulun wanke fuska mai salicylic acid da bai wuce kashi 2 ba, a kan fuska kaɗai, babu laifi.

A shafa maganin a duk wurin da kurajen suka saba fitowa, ba a kan ƙurjin da ya riga ya fito kaɗai ba, domin aikinsa hana na gobe ne. Kuma a ba shi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci. Yawancin masu ce mini magani bai yi ba, a mako na uku suka watsar.

Sai dai irin naki masu zurfin nan shafe-shafe kaɗai ba ya isar su, ba zan ɓoye miki ba. A nan likita zai iya ba ki maganin sha na 'yan makonni daga cikin waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki, irin su cefalexin, amoxicillin ko erythromycin, tare da benzoyl peroxide. Ga babban ƙurji guda da ya kumbura yana hana ki barci, likitan fata kan yi masa 'yar allurar triamcinolone a cikinsa, cikin kwana biyu zuwa uku ya sace, sau da yawa ba tare da ya bar rami ba. Matsawa da farce kuwa ita ce ke tura mugunyar ciki ta mai da ƙurjin mako ɗaya tabon shekaru.

Amma abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki ba kurajen ba ne. Kuraje a haɓa da muƙamuƙi bayan an girma, al'ada mai haura kwana 35, gashi a haɓa: waɗannan ukun idan suka haɗu, abin da likita zai fara zargi shi ne larurar da muke kira PCOS, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma. A cikinta homon ɗin maza, wanda kowace mace ke da ɗan kaɗan, yakan yi yawa, fata ta yi ta fitar da maiƙo, ƙofofin gashi su toshe, ƙwai kuma ya daina fita kowane wata. Diane-35 ta danne wannan homon ɗin ne ta kuma kawo miki jini a kan lokaci, shi ya sa komai ya yi kamar ya daidaita. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita a Rotterdam a 2003 ta ce in an sami biyu cikin uku, wato rikicewar al'ada, alamun yawan homon ɗin maza, da tarin ƙananan ƙwayaye a hoton ma'ajiyar ƙwai, kuma an kawar da sauran dalilai, to ita ce. Ke kin zo da biyu tun kafin a yi miki hoto.

Wannan ya shafi haihuwar kai tsaye. An saba cewa mace ta jira shekara guda kafin ta nemi likita, ko wata shida in ta kai 35. Wannan na mai al'ada daidai ne. Ke kada ki jira, ki ga likitan mata yanzu, a duba homon ɗinki da sukarin jini da aikin thyroid (halittar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo) da sinadarin prolactin mai kawo ruwan nono, maigida ma a gwada maniyyinsa. In PCOS ce, akwai letrozole da ke sa ƙwai ya fita, akwai metformin ga wadda jikinta ba ya jin insulin sosai, kuma ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 na nauyin jiki kan dawo da al'ada. Mata da yawa masu wannan larura suna haihuwa. In kuwa kin lura muryarki na kauri ko gashin na ƙaruwa da sauri cikin 'yan watanni, ki faɗa wa likita a ranar farko, don wannan na buƙatar bincike na daban.

Kin tambaya ko dole sai kin haƙura da ɗaya. A'a, amma ba za a yi su da cikakken ƙarfi lokaci guda ba. Hanya ta farko: a dakatar da neman ciki, ki sha isotretinoin a hannun likitan fata kamar wata shida da tsayayyen tsarin kariya, ki ƙara wata guda bayan ƙwayar ƙarshe, sannan ki nemi ciki hankali kwance, don maganin ba ya zama a jiki bayan haka. Da shekararki 25 ce ga ramuka na ƙaruwa, wannan zan zaɓa miki, domin ramin fuska ba ya cikewa da kansa. Amma kina 34, ga alamun ƙwai ba ya fita a kai a kai. A ganina ki bi hanya ta biyu: ki riƙe kurajen da magungunan da na lissafa, ki sa ƙarfinki wajen daidaita fitar ƙwai, isotretinoin ya jira har ki haihu ki yaye. Fuskar ba za ta koma kamar lokacin Diane-35 ba, abin da muke nema shi ne a rage zafin a hana sabon tabo. Ki zauna da maigida ku auna, shawarar taku ce. Kuma duk wanda ya ce miki ai kuraje ne kawai, ki yi haƙuri, bai san abin da yake faɗa ba. Ciwon da ya hana mace shiga mutane ciwo ne, ki faɗa wa likitanki wannan ma kamar yadda kika faɗa mini.

Ki fara shan folik asid maikurogiram 400 kullum tun yanzu. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin farfaɗiya akan ba ta miligiram 5. Ki guji ƙwayoyin ƙarin bitamin A masu ƙarfi da ake tallata su don gyaran fata. Allah Ya ba ki lafiya da zuri'a ɗayyiba.

TAMBAYA

Likita, na gano ina da cikin mako shida, kuma duk tsawon lokacin ina shafa Differin da dare. Na kasa barci don tsoro. Na cutar da jaririna?

Daga wata ƙanwarki.

AMSA

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Na shafawa da na sha ba ɗaya ba ne. Abin da ke shiga jini daga adapalene ɗan mitsitsi ne, kuma binciken da aka yi a kan matan da suka shafa irin waɗannan mayuka a farkon ciki ba da sani ba bai nuna ƙaruwar tawaya ba. Muna hana shi ne don taka-tsantsan. Ki daina daga yau, ki fara folik asid in ba ki fara ba, ki je awo da wuri da kwalin maganin a hannunki, kuma kada ki tsallake hoton ciki na tsakanin mako 18 zuwa 22, wanda ake duba gaɓoɓin jariri. Wadda ta sha isotretinoin ta baki kuma ta gano ciki, ita nata daban ne: ta daina nan take, ta ga likitan mata a cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ta jira ranar awo.